A Gurbin Kwakwar Puhina

Dutch Harbor, Alaska
14 ga Satumba, 1986

Yaya Iwalani,

Gaisuwa mai yawa daga ƙaninki da sanyi ya mayar busasshen kifi. Ina fatan kina lafiya, ƙafar nan taki ta daina kumburi, kuma injin gugar otal bai sake cin yatsanki ba. Ni ƙalau nake, in ban da hannuwa da suka tsattsage. A gaida Kawu Tadashi mai kanti, a ce masa na ga kifin da ya fi wanda yake mana ƙarya da shi girma.

Ga magana. Jibi jirginmu zai fita tafiyar ƙarshe ta bana, kuma in Allah ya yarda ƙarshen Oktoba za a sallame mu. Shekara biyu ke nan rabona da ruwan da mutum zai shiga ya fito da ransa. A nan, in ka faɗa teku, kafin a juyo da jirgi ka sandare. Don haka na yanke shawara, gida zan zo. Zan tsaya Honolulu in sayi sabon allon hawa igiyar ruwa, dogo, na manyan igiyoyi, irin wanda Baba ya yi ta kallo a shago har ya rasu bai saya ba. Ja nake so.

Kada ki tambaye ni rana, ba zan faɗa ba. Kin san dokar Baba: wanda ya dawo daga nesa ba ya shiga gida da ƙurar hanya, teku yake fara gaisarwa. Da asuba zan sauka Puhina ta hanyar bayan rafi, kafin kowa ya tashi. In shiga, in wuce bayan igiya, in zauna a kan allo, in waigo gaɓa in ɗora bishiyar kwakwar nan mai lanƙwasa a kan gicciyen coci da ido, yadda ya koya mana. Ko a nan, in barci ya ƙi zuwa, abin da nake yi ke nan a raina: kwakwa a kan gicciye, Haƙori, dutsen nan da ke ɓoye a ruwa, yana can hagu, ni ina inda ya kamata. Sai ki ji ana buga miki ƙofa, ki buɗe ki gan ni jiƙe, ina neman shinkafa da tuwon gwaza.

Wato in har za ki buɗe. Ban manta abin da kika ce mini a filin jirgi ba, wata biyu da binne Mama: in na tafi na bar ki ke kaɗai a gidan nan, kada in dawo. Na san bakinki ne kawai. Na ɗauka dai shekara biyu ta isa ya huce.

In mun fita babu wasiƙa sai mun dawo tasha. Ki rubuto duk da haka, za a ajiye mini.

Ƙaninki,
Likeke

Puhina, Kauai
6 ga Oktoba, 1986

Likeke,

Na samu wasiƙarka, na ji daɗin jin kana lafiya. Ƙafa da sauƙi. Yatsuna goma suna nan, na gode da kulawa. Kawu Tadashi ya amsa, ya ce kifin Alaska ba ya ƙidayuwa, don ba da hannu ɗaya aka ja shi ba. Maganar filin jirgi kuwa, kai ma ka san ni. Ka zo. Na wanke ɗakinka tun ranar da na karanta, har na sauya labule.

Yanzu ka ajiye wasa ka karanta wannan da kyau, sau biyu in ya kama.

An sare kwakwar.

Filin da take ciki, wanda ke tsakanin yashi da hanyar coci, wani attajiri daga California ya saye shi bara. Ya kewaye shi da waya, ya fara gini. A watan Agusta ya sa aka sare ta, wai tana tare masa faɗuwar rana daga baranda. Babu wanda ya yi magana, don lokacin teku kwance take kamar faranti, ba mai shiga sai yara da baƙi. Ni kaina na wuce na ga kututturen, na ce kai, asara, na tafi aiki. Ko a raina ban kawo komai ba.

Ka tuna ɗaya kwakwar, wadda ke yamma da ita kaɗan, da muke cewa ƙanwarta? Ta girma a shekarun nan, ita ma ta lanƙwasa. Daga cikin ruwa, da hasken asuba, ba ka bambanta su. In ka ɗora ta a kan gicciye, a kan Haƙori kake zaune.

Makon jiya igiyar farko ta iso daga arewa. Ba wata babba ba. Palani, wanda kuka yi aji ɗaya, ya shiga. Palani fa, da ya san ruwan nan tun bai iya ɗaura wando ba. Ya tashi a kan igiya ta biyu, ruwa ya janye daga ƙarƙashinsa, dutsen ya fito. Haƙarƙari uku da ƙashin ƙugu suka karye. Allon ya rabu biyu, da rabin ya jawo kansa har inda aka kama shi.

Na je asibiti duba shi. Yana kwance an naɗe shi kamar kifin da za a gasa, matarsa tana zaune tana hararar bango.

Ya ce, "Iwa, na rantse miki na ɗora ta a kan gicciye. Daidai na ɗora."

Na ce, "Ai ka ɗora. Ba ita ba ce."

Ya ce, "Kuma fa na san an sare ta. Da motata aka kwashe ganyen."

Matarsa ta ce, "To gaya mata dai, gwanin ruwa. Baƙin da suka zo jiya-jiya duk sun fita lafiya, sai kai ɗan gida."

Ya ce, "Don Allah ki bar ni in yi numfashi, da kuɗi nake jansa."

Gaskiyarta ce, Likeke, kuma ita ce ta fi ba ni tsoro. Baƙo ba ya kallon gaɓa, ruwa yake kallo, don yana jin tsoro. Ku 'yan gida kuwa ido ya saba, kafin hankali ya ce wani abu ya riga ya nemo kwakwa. Sabo turken wawa. In Palani da ya kwashe ganyenta da hannunsa ya yi wannan kuskure, ina ga kai da ka kwana shekara biyu kana ɗora ta a mafarki?

Don haka ka ji ni. Ka ajiye dokar Baba wannan karon, ba zai tashi ya tuhume ka ba. Gida za ka fara zuwa. Ka ci abinci, ka yi barci, da rana tsaka mu je tare in nuna maka. Bayan haka ka shiga ka yi ta yi har fatarka ta yi laushi.

Ka ba ni amsa da zarar ka karanta, ko layi ɗaya ne.

Yayarka,
Iwalani

Puhina
28 ga Oktoba, 1986

Likeke,

Ina gaisuwa. Ina lafiya, sai dai barci da ya yi ƙaura. Ina fatan kai ma kana lafiya, duk inda kake, don ban sani ba.

Ba amsa. Na san ka ce ba wasiƙa sai kun dawo, amma lissafina ya nuna mini abin da ban so ba: kana iya sauka daga jirgi, ka karɓi sallama, ka wuce filin jirgin sama ba ka leƙa gidan waya ba. Na san ka, in gida ya shiga ranka ko takalmi mantawa kake yi.

Sai na je wayar da ke gaban kantin Kawu Tadashi na kira ofishin kamfaninku. Wani ya ɗauka yana tauna abu. Na fara yi masa bayani, ya katse ni.

"Baiwar Allah, ta rediyo za a faɗa, ba huɗuba ba ce. A taƙaice."

Na ce, "Ka ce masa yayarsa ta ce kada ya zo ya faɗa ruwa sai ya gan ta. An sare kwakwa."

"An sare me?"

Ina cikin maimaitawa sulallana suka ƙare, layi ya yanke. Na sake kira washegari, wata ce ta ɗauka, ta ce an isar da saƙo. Wane saƙo, ba ta sani ba.

Na rubuta gargaɗi a jikin katako na kafa a hanyar bayan rafi. Ko da na kafa na san aikin banza ne, don kai ba ka taɓa karanta allon gargaɗi ba, ka ce na 'yan yawon buɗe ido ne, kuma da duhu za ka wuce. Ruwan sama ma ya wanke shi. Sai na ce to, a mayar da alama inda take. Kawu Tadashi ya ba ni doguwar gorarsa ta kamun kifi, na ɗauko tsohon zanen gado fari daga waɗanda otal ta yar, na ɗaura. Na je zan kafa kusa da kututturen, mai gadi ya fito.

Ya ce, "Anti, ki rufa mini asiri. Nan filin mutum ne."

Na ce, "To a yashi fa? Shi ma ya saya?"

Ya ce, "Yashi na kowa ne. Ki tsaya, ki kwanta, ki yi rawa in kin so. Amma an ce mini in na ga an kafa wani abu a gaban gidan nan in tumɓuke."

Na kafa duk da haka, bayan ya juya. Bai ma sha wahala ba, teku ta riga shi. Ka san yashin Puhina in igiya ta fara, abin da ka binne da yamma da safe yana tsibirin Niihau.

Ya ce in tsaya, to na tsaya. Na gane ba sai a kan kututturen ba. In na sauko yashi na yi ta matsawa har kututture ya shiga ƙarƙashin gicciye a idona, to ina kan layin. Wanda ke cikin ruwa, in ya ɗora zanen a kan gicciye, yana inda Baba ya ce. Na sa ƙanin Palani ya shiga ya gwada, ya ɗago mini hannu biyu. Kuma farin zane ya fi kwakwa kama ido da asuba, shi za ka fara gani kafin ka nemi wani abu. Za ka yi mamaki, ka ce wace mahaukaciya ce wannan. In ka tsaya mamaki ma ya ishe ni.

Duk ranar da na ji teku tana magana tun daga kan gado, ina fita kafin gari ya waye, in tsaya har rana ta hau, sannan in ruga aiki. Kawu Tadashi yana kawo mini kofi a gwangwani. Jiya ya tsaya yana kallona ya ce, "Kwakwar da ta gabace ki ba ta shan kofi, kuma ba ta da baki." Na ce shi ya sa aka sare ta.

Ka zo dai. Kafaɗata ta fara gaya mini shekaruna.

Iwalani

A cikin jirgi
2 ga Nuwamba, 1986

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fatan kina lafiya. Ni lafiya.

Saƙonki ya iso. Kyaftin ne ya kira ni ɗakin tuƙi, a gaban mutane, ya ce ofis sun ce yayata ta bugo ta ce kada in zo. Na tambaye shi ko akwai ƙari. Ya ce akwai wata magana a kan itace, bai gane ba, rediyon yana ta ƙara. Na ce ba komai, na gane.

Ban ɗauka har yanzu abin yana ranki haka ba. Da kin bari na zo kin faɗa mini a fuska, da ya fi. Amma gidan ke kika riƙe shi, ke kika yi jinyar Mama, ba ni da bakin magana.

Ba mu koma tasha ba, a teku muka sauke kifin a wani babban jirgi. Akwai jirgin kaguwa da ke neman mutum ɗaya na lokacin sanyi, na sa hannu, gobe zan tsallaka. Sai wajen Afrilu. Zan ba wani da zai sauka wannan takarda ya jefa mini.

Guguwa ta taso mana shekaranjiya, irin wadda ke sa ƙato ya tuna addu'ar da uwarsa ta koya masa. Ina riƙe da ƙarfe ina tunanin nan da 'yan kwanaki ita ce za ta iso Puhina, ta zama igiya mai kyau, wasu su hau. Ki gaida Kawu.

Likeke

Puhina
15 ga Disamba, 1986

Ƙanena,

Gaisuwa da fatan alheri. Mura ta kama ni ta sake ni. Palani ya fara takawa da sanda, ya ce a gaishe ka. Ban san ko wasiƙun nan suna isa hannunka ba, ko suna can a wani akwati suna jin sanyi. Ina rubutawa ne don in na yi shiru gidan yana yi mini ƙara.

Oktoba ta wuce, Nuwamba ta wuce. Na sake kiran ofis, suka ce ba ka cikin ma'aikatansu yanzu, an sallame ka. To kana hanya ke nan, na ce. Wataƙila ka tsaya Honolulu wurin abokai, kana jiran babbar igiya don ka shigo da burga. Halinka ne. Na ƙara himma.

Bana teku ba ta huta ba. Ta kwashe yashin gaban coci har saiwoyi sun fito, kuma ruwan nan mai jan mutum da ke bakin rafi ya ƙara ƙarfi, ya kai wani baƙo har bayan duwatsu kafin a ɗauko shi da kwalekwale. In ka shiga ta can, kada ka yi faɗa da shi, ka bar shi ya kai ka, yana sakin mutum daidai inda ruwa ya yi duhu. Ka sani, amma na faɗa.

Mutanenmu sun saba da ni. Da farko dariya suke yi, yanzu in suka fito suka ga ba zane sai su zauna a kan mota suna jira. Wata safiya na makara, na tarar da su shida a tsaye da alluna a hammata, ƙanin Palani yana cewa, "Anti, yau kwakwa ta yi barci ne?" Shugabar ɗakin guga kuwa ta gaji da ni, ta mayar da ni aikin yamma. Ya fi mini, sai dai ina dawowa gida kowa ya rufe ƙofa.

Bari in gaya maka abin da ya faru ranar Talata, don ba wanda zan iya gaya wa a nan.

Tun cikin barci na ji tagogi suna rawa, na san babbar igiya ta zo. Irin wadda ake yi sau ɗaya ko biyu a shekara. Na fita, gari bai gama wayewa ba, iska tana busowa daga tudu, ruwan ya yi santsi, igiyoyi suna shigowa a jere kamar an yi musu layi. Ba kowa a yashi. Na ɗaga gora. Can sai na hango mutum ɗaya ya fito daga bakin rafi, kwance a kan allo, yana tuƙi da hannu a hankali. Da haske ya ƙaru na ga allon. Dogo ne, ja.

Likeke, ban san ina da murya haka ba. Na kira sunanka har maƙogwarona ya fashe, alhali na san ko bindiga aka harba ba a ji daga can. Ya wuce bayan igiya ya zauna. Ya waigo. Na ga ya fara matsawa yamma, wajen ƙanwar kwakwar. Na kaɗa zanen, na kaɗa, na yi ta kaɗawa kamar mai korar tsuntsaye a gona. Ya tsaya. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya juyo da allon ya dawo kan layi.

Da ya tashi a igiyar farko, tsayuwar bahago ya yi a kan allon, kamar kai. Na ce shi ke nan. Ina kuka ina dariya ina riƙe da gora, ina shirya zagin da zan yi maka. Ban sauke hannu ba har ya gaji don kansa. Ban san tsawon lokacin ba, kofin Kawu dai ya huce a gefena ban taɓa ba.

Ya fito, ya taho a yashi da allon a ka. Tun daga nesa na ga tafiyar ba taka ba ce, amma na ƙi yarda sai da ya zo gabana. Mutumin tsibirin Maui ne, mai furfura a gemu. Ya ce ya taɓa zama a nan yana saurayi, mahaifinmu ne ma ya nuna masa kwakwa da gicciye.

Ya ce, "'Yar'uwa, da ba ki kaɗa abin nan ba, da yanzu ana tsintata. Hukuma ce ta sa ki?"

Na ce, "A'a. Ƙanena nake jira."

Ya waiga ruwa, ya ga ba kowa, ya ce, "Yana ciki?"

Na ce, "Yana hanya."

Ya ba ni lemo biyu daga motarsa ya tafi. Na koma gida na kwanta da rigar a jikina. Ban je aiki ba ranar. Kewarka ta taɓa kama ni, amma ba irin ta ranar nan ba.

Kirsimeti ta matso. Zan yi naman alade a ganye ko ka zo ko ba ka zo ba. In kana Honolulu kana wasa da hankalina, Allah ya isa ban ce ba, amma ka kusa.

Yayarka,
Iwalani

Dutch Harbor
19 ga Janairu, 1987

Yaya Iwalani,

Ina gaishe ki, in kina amsa gaisuwata. Lafiyata ƙalau, kuma kunya ta hana ni jin daɗin hakan.

Jiya muka shigo tasha gyaran inji. Na je gidan waya don in aika wa wani saƙo, matar wurin ta ce, kai ne Likeke? Ta miƙo mini wasiƙu uku. A tsaye na karanta su, a jere, a gaban kanta. Da na kai kan mutumin Maui sai na fita waje, don kada a gan ni.

Abin da aka gaya mini a jirgi shi ne kin ce kada in zo. Shi ke nan. Na rubuta miki tun farkon Nuwamba cewa na kama aikin kaguwa, na ba wani ya jefa. Yau na nemo shi a mashaya, ya laluba aljihun rigar sanyinsa, ga ta nan a ninke, ta sha mai. Ban doke shi ba. Na haɗa miki ita a cikin wannan ambulan don ki ga irin wautar ƙaninki, ba don ki ji zafi ba. An ce mini akwai magana a kan itace, Yaya. An faɗa mini. Da na tsaya na yi tunani minti ɗaya, wane itace ne ni da ke za mu yi magana a kai? Amma na riga na riƙe maganar filin jirgi a hannu, ina jiran inda zan ajiye ta.

Kuma ki sani, da na zo, da na yi abin da kika ji tsoro. Ba na ko shakka. Da duhu zan shiga, kuma ba na jin zan tsaya kallon wani zane.

Ba zan iya barin jirgin nan ba sai Afrilu, mutum biyar ne, in ɗaya ya fita sauran ba su fita teku. Don haka ina roƙonki ki daina tsayuwar nan. Ba na hanya. Ki shiga gida, ki huta da kafaɗarki, ki koma aikin safe. Waɗancan ƙattin su nemi tasu dabarar, ba ke kika sare kwakwa ba.

Ki yafe mini.

Ƙaninki,
Likeke

Puhina
8 ga Fabrairu, 1987

Likeke,

Na amsa gaisuwarka. Ina lafiya, kafaɗa ce kawai, Kawu Tadashi ya ba ni wani man shafawa mai warin da ke korar kare. Na gode Allah da kana raye. Da na ga rubutunka a bayan ambulan, sai da na zauna a kan matakalar gidan waya kafin na buɗe.

Na karanta ta Janairu, na karanta mai man. Ta biyun ta ba ni haushi har na tashi na wanke tukwanen da ba su yi datti ba. Wato ni ce zan tsaya a gaban kantin mutane, in zuba sulallana a waya har Alaska, don kawai in ce kada ka zo? Da ina son in faɗa maka haka ai da na bari ka iso, in faɗa kyauta. Kai dai ba ka da wayo tun kana ƙarami. Na yafe, kada ka sake tambaya.

Ka ce in daina. Na gwada. Washegarin da wasiƙarka ta zo akwai igiya, ina ji, na ja bargo na juya wa taga baya. Ban yi barci ba. Ina kwance ina lissafin waɗanda na san sun fito: ƙanin Palani, da 'yan biyun gidan fasto, da wani malamin makaranta da bai iya komai ba sai ƙarfin hali. Rana ba ta gama fitowa ba na ji ana taɓa ƙofa. Palani ne, da sandarsa.

Ya ce, "Iwa, ba cewa na yi ki fito ba. Gorar na zo ara."

Na ce, "Kai da ba ka iya tsayuwa da ƙafa biyu?"

Ya ce, "Ai na ga itacen da ya tsaya da ɗaya."

Tare muka je. Yanzu mun raba, shi Talata da Alhamis a kan kujera, matarsa tana riƙe masa gindin gorar tana yi masa faɗa, sauran ranakun ni. Fasto ya ce zai kai maganar gaban hukuma a kafa ƙarfe na dindindin. Ka san yadda hukuma take, wataƙila jikokin Palani su gani.

Tsayuwar ba ta da wuya, Likeke. Abin da ya sauya shi ne da, duk wanda ya fito daga bakin rafi sai in ce ko kai ne. Wata uku ina da wanda nake jira kowace safiya. Yanzu ina ɗaga zane, ina kallonsu suna hawa, na san ba ka cikinsu. Ya fi sauƙi, kuma ya fi zafi. Ban san yadda zan yi maka bayaninsa ba.

Amma akwai layi ɗaya a wasiƙarka da na yi ta komawa kansa, inda ka ce da ka zo, ba ka jin za ka tsaya kallon zane. Na yarda da kai. Mutumin Maui ya tsaya ne don ya tsufa, kai ba ka tsufa ba. Ashe duk tsayuwar da na yi ba ita ta tsare ka ba. Mutumin nan mai tauna abu a waya, da ya yanke mini magana biyu ya yar da rabi, shi ya tsare ka. Ya sa ka yi fushi da ni wata uku a cikin ƙanƙara, ya sa na ci Kirsimeti ni kaɗai da naman da zai ishi mutum huɗu. Na yi ta tsine masa a raina, yanzu na daina. Da za a mayar da ni gaban wayar nan, ina sane da duk abin da zai biyo baya, da kaina zan ce masa: ka gaya masa yayarsa ta ce kada ya zo. In ajiye wayar, in dawo gidan nan da ya yi mini girma, in zauna.

Afrilu teku ta kwanta, ba abin da za ta yi maka. Ka rubuto mini ranar, wannan karon ka faɗa, in nemi mota in zo filin jirgi.

Zan tsaya nan. Iska ta juya tun la'asar, gobe akwai igiya, kuma gobe tawa ce.

Yayarka,
Iwalani